Malamina ya ce in zaɓa: ko murya, ko yawon Alƙahira

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 23, 'yar Zariya ce ni. Tun ina Islamiyya nake rera ƙasidu, daga baya na shiga bege a wuraren Maulidi da walima, har Allah Ya sa na sami gurbin koyon waƙar Larabawa a wata makarantar kiɗa a Alƙahira. Wannan ce shekarata ta farko. Da ƙyar Baba ya yarda, kuma ranar da zan taho abu ɗaya ya faɗa mini: karatu na tura ki, ba yawo ba.

To Anti, garin nan ya tafi da ni. Yau ina unguwar masallacin Husaini, gobe ina bakin Nilu, jibi ƙawaye sun ja ni gidan shayi mu kai ƙarfe ɗayan dare muna hira. Ban taɓa fita Najeriya ba sai wannan karon, kuma gani nake in ban ga komai yanzu ba, ba lallai in sake samun dama ba. Amma yau sati uku ke nan muryata a dishe, sautin sama ya ƙi fita. Malamina ya ce in zaɓa, ko murya ko yawo, in kuma na ci gaba a haka zai cire ni daga cikin waɗanda za su yi waƙa a bikin ƙarshen shekara. Da na gaya wa Umma, cewa ta yi taura biyu ba ta taunuwa. Ga shi ƙawayena da ke jami'a sun gama jarrabawarsu, sun shirya tafiya Aswan, can kudancin Masar, ni kuwa jarrabawar rerawata saura kwana goma. In na zauna a ɗaki ina bita, sai in ji duniya tana wuce ni. In na fita, sai in ji na ci amanar Baba. Wani abin kuma, da na tura wa ƙanwata wata ƙasidar Hausa da na rera, cewa ta yi na koma Balarabiya, wasu kalmomin ma ba ta gane su ba. Ina tsoron in dawo ban iya tasu ba, tamu kuma ta kuɓuce mini. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Bari mu fara da abin da ba zai jira ba. Muryar da ta yi sati uku a dishe ta wuce maganin citta da zuma da kanumfari. Cikin satin nan ki nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ki gaya masa ke mawaƙiya ce, ki ce kina so ya leƙa maƙoshin da 'yar kyamarar da suke zurawa, ya ga abin da ke wurin da idonsa. Abin da ke ba ki murya wasu 'yan tsokoki ne guda biyu a cikin maƙoshi, masu laushi ƙwarai, waɗanda a maganar mace ta yau da kullum suke haɗuwa su rabu wajen sau 200 a daƙiƙa guda. In aka matsa musu sai su kumbura, kuma alamar farko ita ce wadda kika faɗa: sautin sama ya ƙi fita. Kumburi yakan sauka in an huta. In kuwa aka ci gaba da tilasta musu a kan kumburin, sai wani ɗan ƙulli ya fito a inda suke gogar juna, shi kuma ba sati ɗaya ko biyu yake ɗauka kafin ya tafi ba. Kafin ki ga likitan, ki rage magana iya iyawarki. Kada ki koma raɗa da sunan hutu, raɗa ma wahalar da maƙoshi take yi. Ki daina yawan kakari da gyaran murya, in kin ji wani abu ya tsaya miki ki kurɓi ruwa. Ki yi turaren ruwan zafi. Misirawa za su yi ta dura miki yansun da hulba, ki sha abinki, suna sa maƙogwaro ya ji daɗi, amma abin da kika haɗiya ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya taɓa wurin da ke ciwon.

Zancen Aswan kuwa ba sai mun ja shi ba: kada ki je yanzu. Jirgin ƙasa daga Alƙahira ya haura awa 12 a hanya, cikin sanyin dare, da ƙawayen da ba su da jarrabawa a gabansu kuma ba za su bar ki ki yi shiru ba. Ki ce musu Allah Ya kiyaye hanya. Zan dawo kan Aswan can gaba, don ina so ki je, sai dai ba irin wannan zuwan ba.

Yanzu ga inda na saɓa wa malaminki da Umma, tare da girmamawa. Su biyun sun ɗora laifin a kan fita. Ni da na karanta wasiƙarki, ban ga inda fita ta dishe miki murya ba. Tafiya a ƙafa daga Azhar zuwa tsohuwar ƙofar birni ta Zuwaila ba ta taɓa maƙoshin kowa ba, haka ma tsayuwa a kan gada ana kallon Nilu. Abin da ya ci muryarki yana cikin jimla ɗaya da kika rubuta: gidan shayi har ƙarfe ɗayan dare. Duba abin da ke cikin wannan zaman. Alƙahira gari ne mai hayaniya, ga hon ɗin motoci, ga talabijin an ƙure, ga masu domino suna buga tebur. Ɗan Adam in yana magana cikin hayaniya, ɗaga murya yake yi ba tare da ya sani ba, to ke awa uku ko huɗu kike yi kina ihu, kina zaton hira kike yi. Ga hayaƙin shisha da kike shaƙa ko ba ki taɓa ta ba. Ga kushari, abincinsu na shinkafa da taliya, da ruwan tumatir da yaji da ruwan tsami da ake ci cikin dare a kwanta nan take, ƙwannafi ya taso yana ƙona maƙogwaro kina barci, wani lokaci ma ba za ki ji zafinsa ba, sai dai ki tashi da murya kamar ta wani. Sannan barcin kansa bai isa ba. Da safe ki je aji ki nemi maƙoshin da ya kwana a wahale ya ba ki sautin sama. Ko da ba ki taɓa ganin dala ko Nilu ba, in kina wannan zaman a ɗakinku na kwana, haka muryar za ta dishe.

To tunda haka ne, tambayar ba ta tsaya a ki fita ko kada ki fita ba. Kunnenki yana iya yawo dare da rana bai gaji ba. Maƙoshinki ne yake da iyaka, kuma ya kamata ki riƙa lissafa shi kamar kuɗin cefane: abin da kika kashe a hira jiya, ba za ki same shi a aji yau ba.

Zan ma ƙara gaba in ce irin waƙar da kika je koyo ba ta koyuwa a ɗaki kaɗai. A 1932, zamanin Sarki Fu'ad, an yi wani babban taro a Alƙahira kan kiɗan Larabawa, a ginin Cibiyar Kiɗan Larabawa da ke titin Ramsis, wanda har yau yana nan. Masana da makaɗa sun zo daga Masar da Sham da Iraƙi da Maroko da Tunisiya da Turkiyya, har da manyan masana kiɗa na Turai. Cikin abin da suka fi jayayya a kai akwai batun sautukan nan da ke faɗawa tsakanin maɓallai biyu na fiyano, waɗanda ake ce wa rubu'in sauti: shin za a raba tsanin sauti gida 24 daidai wa daida a huta, ko kuwa? Ba su daidaita ba, domin abin da ke bakin mawaƙa ya ƙi zama daidai da abin da ke kan takarda. Har gobe, sautin sika, ɗaya daga cikin waɗannan sautukan, a bakin Bamisire ba daidai yake da na mutumin Halab ko Istanbul ba, kuma ko a Masar ɗin, inda yake zama a maƙam ɗin Rast ba nan yake zama a na Bayati ba (maƙam shi ne tsarin sautukan da ake gina waƙa a kansa). A takarda alama ɗaya za ki gani. Bambancin sai a kunne. Ke kuma kin tashi da kunnen Zariya, wanda ya saba da mandiri da kalangu da waƙoƙin fim da ake bugawa da fiyano. Malaminki zai iya nuna miki sautin sau goma a aji, amma sai kin ji shi sau dubu a bakin mutane kafin ya zauna miki.

Ummu Kulsum, shahararriyar mawaƙiyar Masar, wadda na san ba a kwana biyu ba a ambace ta a ajinku ba, ba a makarantar kiɗa ta fara ba. 'Yar limamin ƙauye ce a yankin Daƙahliyya, ta yi karatun Alƙur'ani tana ƙarama, ta riƙa bin mahaifinta ƙauye-ƙauye suna rera ƙasidun yabon Annabi a wuraren Maulidi da bukukuwa, kafin ta koma Alƙahira ta zauna gaban malamai. Kin ga farkon hanyarta bai yi nisa da naki ba. Masana sukan ce fitar haruffanta da yadda take riƙe numfashi daga wancan tushen suka samo asali. Ta rasu a 1975, kuma akwai gidan tarihinta a tsibirin Rauda, a harabar fadar Manastirli, kusa da tsohon ma'aunin ruwan Nilu. Wannan fita ce ta yamma ɗaya, ba hayaniya, ba hayaƙi.

Makarantar kunne mafi sauƙi ma ba ta bukatar ki fita ko ƙofar gida. Gidan rediyon Alƙur'ani na Alƙahira yana aiki tun 1964, kuma duk motar haya ko shagon da kika shiga za ki iya tarar da shi a kunne. Ba ina ce miki karatun Alƙur'ani waƙa ne ba, kowa ya san matsayinsa daban. Amma manyan makaranta irin su Shaihu Mustafa Isma'il da Shaihu Abdulbasiɗ da Minshawi su ne suka fi kowa sanin yadda ake fita daga maƙam ɗin Bayati a shiga na Saba, a ratsa na Hijaz, a dawo gida lafiya, kuma mawaƙan Masar da kansu ba sa musun haka. Ki riƙa saurare da niyyar ibada, kunnenki kuma zai ɗauki rabonsa.

Sai ki zauna ki tace fitarki. Akwai wadda take ciyar da sana'arki, akwai wadda take hutar da ranki, akwai kuma wadda ba ta yi miki ko ɗaya, kawai kin bi ne don kada a ce ba kya nan. Ta ukun ita za ki yanke, kuma ina kyautata zaton ita ce ta fi yawa. Ta farkon kuwa Alƙahira cike take da ita. Gidan Opera da ke tsibirin Jazira, wanda aka buɗe a 1988 bayan tsohon ya ƙone a 1971, yana da ƙungiyoyin kiɗan Larabawa da ke wasa a kai a kai, kuma duk shekara da kaka ana yin bikin kiɗan Larabawa a can. Akwai cibiyar al'adu ta Saƙiyatus Sawi a Zamalik, ƙarƙashin gada, inda za ki ga matasa da irin tasu waƙar. Akwai masu tannura, wato rawar juyi ta Sufaye, a unguwar Guriyya, 'yan taku kaɗan daga Azhar, a gine-ginen da Sarki Guri ya bari tun farkon ƙarni na 16. In kin je irin waɗannan wurare kada idonki ya tsaya kan mai waƙa kaɗai. Ki lura da masu saurare: a ina suke cewa "Allah!", a ina suke roƙon a maimaita, me mawaƙin ya canza da ya maimaita? A wannan waƙar mai saurare yana da hannu a abin da ke fitowa daga bakin mawaƙi, kuma ba malamin da zai iya kawo miki wannan cikin aji.

Ke da kika fito daga bege, Maulidan waliyyai su ne suka fi kusa da ke. Na Sayyidina Husaini a ƙarshen Rabi'us Sani ake yin sa, na Sayyida Zainab a ƙarshen Rajab, na Sayyid Badawi kuma a Ɗanɗa cikin watan Oktoba. A nan za ki ji masu inshadi, wato begen Larabawa, na gaske, irin gidan su Shaihu Yasin Tuhami, mutumin Asyut, suna riƙe taro tsawon dare da ƙasida. Amma ki ji ni da kyau. Daren ƙarshe, wanda suke kira babban dare, cunkoson ya wuce misali, kuma matsar mata a cikin cunkoso abu ne sananne a garin, balle baƙuwa baƙar fata da wasu marasa tarbiyya ke jifa da maganganu a titi. Ki je a ranakun farko, da wuri, tare da mutanen gari da kika yarda da su, in da hali da babbar mace a cikinsu. Ki tsaya nesa da lasifika. Ki dawo kafin dare ya raba. A jirgin ƙarƙashin ƙasa ki nemi taragun mata, suna tsakiyar jirgin. Kuma kada ki ɗaga waya kina ɗaukar kowa da komai. Ki nemi izini, ki kuma guji ɗaukar 'yan sanda ko ginin hukuma, don wannan yana iya ja miki abin da ya fi dishewar murya. Kwafin fasfo da iƙama su kasance a jakarki kullum.

Wani zai ce miki ki je Makan, wata 'yar cibiyar al'adu kusa da kabarin Sa'ad Zaglul, ki ji kiɗan zar na ƙungiyar Mazahir. Gara ki san abin da za ki tarar tun kafin ki je: zar ɗan'uwan borin ƙasarmu ne, a Sudan ma haɗa sunayen biyu ake yi. A can a matsayin kiɗan gargajiya ake gabatar da shi a gaban masu kallo, mata ne kuma ke jan ragamar waƙar. Ko ki je ko kada ki je, wannan tsakaninki da zuciyarki ne da tarbiyyar gidanku, ni dai ba na so ki shiga ba ki san mene ne ba.

Yadda za ki fita shi ne muhimmin abu. Ki fita da kunne, ki bar bakin a gida. Dare ɗaya a sati ya isa, biyu in babu jarrabawa a kusa, kuma kada ya zama daren da za ki wayi gari da darasin rerawa. Ki ci abincinki kafin ki fita, ya zama akwai kamar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. Ki riƙe gorar ruwa. In an tashi daga wasa ƙawaye sun ce a wuce gidan shayi, ki ce kina da aji, ki tafi. Za su yi miki tsiya sati biyu su saba. In kin dawo, kafin ki kwanta, ki rubuta abu ɗaya tak da kunnenki ya kama: wata gangara da mawaƙin ya yi a ƙarshen baiti, ko inda ya ja numfashi, ko wani sauti da ba ki gane ko na wane maƙam ne ba.

Wannan takardar ita za ki kai wa malaminki, kuma ita za ta gyara tsakaninku. Kada ki je kina kare kanki. Ki same shi bayan aji ki ce: Ustaz, na ji maganarka, na ga likita, ga abin da ya ce, na kuma fasa tafiyar da na yi niyya. Sannan ki tambaye shi: wa kake so in je in saurara a garin nan? Malamin waƙa da ya ga ɗaliba tana zuwa aji da dishasshiyar murya da jajayen idanu, dole ya ce ta zaɓa. Amma da wuya ki sami malamin waƙar Larabawa da zai hana ɗalibarsa sauraron waƙar. Mai yiwuwa ma ya ba ki sunayen da ƙawayenki ba su taɓa ji ba, ko ya haɗa ki da wata ɗalibarsa ku riƙa zuwa tare. In likita ya ce ki yi hutun murya, ki kai masa takardar da wuri, a san yadda za a yi da jarrabawar. Ɗage ta ko sauƙaƙa abin da za ki rera ya fi ki je ki ƙarasa maƙoshin a gaban masu ba da maki.

Bita kuma, in murya ta dawo, a ba ta safiya, kuma kada a taɓa mata ita ko da wa ya zo gari. Ki wasa murya a hankali kafin ki nemi sautin sama. Minti 20 ko 30 sau biyu ko uku a yini ya fi awa uku a zama ɗaya ranar da laifi ya kama ki. Da yawan aikin ma ba ya bukatar murya: haddar baitoci, fahimtar ma'anarsu, buga awon kiɗa da hannu, bin waƙa a zuci ana kallon takarda. Duk wannan za ki iya yi a kwanakin nan da kike hutu. Ki kuma san yanayin garin. Hunturunsu da sanyi, gidajen kuma ba a ɗumama su. Daga Maris zuwa Mayu iskar hamasin takan taso da ƙura, ranar da ta taso ki rufe taga ki sa takunkumi in fita ta zama dole. Wajen Oktoba da Nuwamba hayaƙi kan yi yawa a sama, lokacin da manoma ke ƙona karan shinkafa. Azumi kuwa garin gaba ɗaya dare yake komawa, ga maƙoshi a bushe da rana, sai ki mayar da bitar bayan buɗa-baki.

Akwai abin da ba ki faɗa ba amma ina jin sa a wasiƙar: kewa. Zaman gidan shayin nan ba don shayin kike yi ba, don ki ji Hausa ne a kunnenki. Ba laifi ba ne. Mutanenmu sun daɗe a garin nan. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka gina wa ɗalibansu makaranta da masauki a Alƙahira, Azhar kuma ta daɗe da ruwaƙin Barnawa, wato sashen ɗaliban Borno. Sai dai na san ɗalibai da yawa kan yi shekaru tsakanin unguwar Hayyul Ashir da aji, su dawo ba su taɓa cin abinci a gidan Bamisire ba. Wannan ba ganin gari ba ne, ko da kullum suna waje. Ki mayar da hirar 'yan gida ranar Juma'a da rana, a ɗaki, a dafa shinkafa da wake a yi dariya ba tare da an yi ihu ba. Sannan ki nemi ƙawa Bamisiriya ɗaya a ajinku. Larabcin Islamiyya zai kai ki a ƙasida, amma yawancin waƙoƙin da za a ba ki da harshen titi aka yi su, inda jimun ke komawa "ga", ƙafun kuma ya zama hamza, ga barkwanci da shaguɓe da ba ya cikin ƙamus. Yini ɗaya a kicin tare da mahaifiyar ƙawarki zai ba ki abin da wata guda na yawon kasuwar Khan Khalili ba zai ba ki ba.

Maganar ƙanwarki ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma yarinyar ta yi miki gata da ta faɗi gaskiya. Ba asiri ba ne, ga dalilin. Hausa harshe ne mai karin sauti: kowace gaɓa tana da hawanta ko saukarta, tana kuma da tsawonta ko gajartarta, in aka sauya su ma'ana takan sauya ko ta ɓace. Shi ya sa waƙar Hausa take bin bayan magana. Mawaƙanmu na gargajiya ba sa ɗaga gaɓar da harshe ya saukar sai da dalili. Larabci ba shi da wannan ƙa'idar ta hawa da sauka, don haka mawaƙinsu yana da 'yancin ya kama wasali ɗaya ya yi ta lanƙwasa shi sama da ƙasa. Ke yanzu maƙoshinki ya koyi wannan lanƙwasar, yana ɗokin nuna ta, sai ya ɗora ta a kan kalmar Hausa, ya ja gajeren wasali, ya ɗaga abin da ya kamata ya sauka. Maganinsa aiki ne, ba tsoro ba. Kafin ki rera kowane baitin Hausa, ki faɗe shi da baki kamar kina yi wa Umma magana, ki ji inda ya hau da inda ya sauka, sannan ki ɗora waƙar a kan wannan. Adon Larabawa ki ajiye shi a ƙarshen baiti, a kan dogon wasali, ko a amshi, inda ba zai ɓata kalma ba. Ki ware minti goma a bitarki ta kullum ki rera Hausa zalla, yadda kike yi kafin ki tafi. Duk wata ki tura wa ƙanwar taki ɗaya, kada ki ba ta rubutun, ki ce ta rubuto miki abin da ta ji. Duk kalmar da ta kasa kamawa, nan ne gyaranki yake.

A nan ne Aswan ta shigo. Can ƙasar Nubawa ce, kuma waƙarsu ba a kan maƙamat ɗin Alƙahira aka gina ta ba. Tsanin sauti biyar take bi, kamar ta Sudan, da tafi da ganga mai faɗi irin mandirinmu da amshi tsakanin jagora da jama'a. Kunnenki zai ji kamar ya dawo unguwa. Mutane ne da aka tashe su daga garuruwansu a shekarun 1963 da 1964 saboda babbar madatsar ruwa, aka kai da yawansu yankin Kom Ombo, kuma kewar tsohuwar ƙasa ta cika waƙoƙinsu. Abin da ya fi shafarki shi ne mawaƙansu sun riga ki fuskantar matsalarki: yadda mutum zai shiga Alƙahira ya koyi ud, molon Larabawa, da salon birni, ya yi waƙa har da Larabci, bai kuma yar da kiɗan gidansu ba. Irin su Hamza Alauddin da Muhammad Munir kowa da yadda ya warware ta. Wannan ba tafiyar da za a yi da dishasshiyar murya da fargabar jarrabawa ba ce. Ki bari ki gama, likita ya sallame ki, ki je cikin hutun tsakiyar shekara tun sanyi bai wuce ba, don zafin bazarar can yakan haura digiri 40. In jadawalinku ya ba da dama, ranar 22 ga Fabrairu ake bikin shigar rana cikin haikalin Abu Simbel, kuma ƙungiyoyin kiɗan gargajiya sukan taru a yankin a kwanakin. Ki tafi da katin ɗalibai, ana rage wa ɗalibai kuɗin shiga wuraren tarihi.

Saura Baba. Abin da yake tsoro da ya ce ba yawo ba, ni da ke mun san shi, kuma ba gidan tarihi ko zauren Opera yake nufi ba. Amanar ba za ta ci ba matuƙar ba ki da fitar da kike ɓoye masa. Ki kira shi da kanki, kada ya ji a bakin Umma, ki gaya masa muryarki ta sami matsala, kin je asibiti, kin daina zaman dare. Ki bayyana masa cewa sauraron masu inshadi da mawaƙan garin yana cikin karatun, in malaminki ya ba ki sunayen wuraren ki karanto masa su. Tafiyar Aswan kuma ki nemi izininsa tun da sauran lokaci, ki faɗa masa da wa za ki, a ina za ki sauka, kwana nawa, ki ba shi lambar wani babba da zai iya kira in bai same ki ba. In ya ce a'a bana, ki haƙura ki sake tambaya baɗi da sakamakon jarrabawa a hannunki. Allah Ya ba ki lafiya, ki gaishe da Umma.